Ƙusoshi a Adakar Nafisa

Tun ranar sadakar bakwai ta mahaifiyarku nake so in yi wannan magana, amma bakina ya yi nauyi, ku kuma ba ku da haƙurin zama ku saurari doguwar Hausa. Kafin in kai tsakiyar zance wani ya duba waya, wata ta amsa mini da Turanci. To ga shi a rubuce, wanda ya kasa karantawa ya nemi mai karanta masa. Ranar nan ina zaune a falo kuna kicin, kun ɗauka kunnena ya mutu kamar yadda gwiwata ta mutu. Na ji Sadiƙ yana cewa Mama ce ta sa aka buga wa adakar Nafisa ƙusa, ita ce ta raba Baba da aikin katako, daga baya kuma ta karɓe adakar ta kulle a ɗakinta. Ummi ta ce ai kowa ya sani. Ke kuma Nafisa kika yi shiru, kuma shirun nan naki ya fi maganarsu yi mini ciwo. Yau zan kama sunanki kai tsaye ko da yake ke ce 'yar fari. Na tsufa, kunyar ma ta gaji.

Ni ɗan masassaƙa ne, wannan kun sani amma ba ku san nauyinsa ba. Ubana a ƙauyenmu na ƙasar Daura turmi yake sassaƙawa da taɓarya da kujerar zaman mata, kuma har ya koma ga Allah ban taɓa ganin tafin hannunsa babu kanta ba. Na guje wa gizago na shiga boko, boko ya kawo ni College Park a nan Amurka, karatun bai ƙare ba iyali suka iso, sai ga ni cikin yunifom ina gadin wani babban sito a Laurel. Aikin gadi ba ya cin jiki, zuciya yake ci. Ka wuni kana kallon manyan motoci suna shiga suna fita, ba abin da hannunka ya taɓa, ba abin da za ka nuna da yamma ka ce ni na yi wannan. A bayan siton akwai wani ƙaramin shago, kullum ƙanshin katako yana fitowa daga cikinsa, ni kuwa in na bi ta wajen sai in kau da kai, don ƙanshin yana tuna mini da abin da na gudu na bari. Mai shagon wani tsoho ne mutumin Koriya, gajere, mai furfura, ba fara'a. Sunansa Yun. Mun daɗe muna wuce juna ba ko gaisuwa.

Wata shekara aka yi iska mai ƙarfi da damina, ta kayar da wata babbar bishiya tsakanin siton da shagonsa, irin wadda suke ce wa walnat, mai duhun ciki. Da safe na je duba ko ta fasa katanga. Ban san lokacin da na durƙusa na ƙwanƙwasa gindin da bayan hannu na kara kunne ba, yadda ubana yake yi don ya ji ko cikin itace ya ruɓe. Ina ɗagowa na ga tsohon tsaye a kaina. Turancinsa guntu-guntu ne, nawa ma a lokacin ba wani abin a zo a gani ba ne.

Ya ce, “Wa ya koya maka?”

Na ce, “Ubana.”

Ya ce, “Me ta ce maka?”

Na ce, “Lafiyarta ƙalau.”

Ya gyaɗa kai ya juya, ya dawo da zarto mai hannu biyu ya miƙo mini gefe ɗaya. Daga ranar, duk lokacin da na tashi daga gadi sai in cire yunifom in shiga shagonsa.

Irin aikinsa ban taɓa gani ba. Ba ƙusa, ba fenti. Katako biyu za su haɗu a kusurwa kamar yadda mutum yake sarƙe yatsun hannuwansa, ka buga da gudumar itace su shige juna, ko ƙarti biyu ba su raba su. Ba ya tilasta wa itace. In reshe ya karkace sai ya bar karkatar ta zama ƙafar teburi, in akwai ƙulli a jiki sai ya sa shi a inda ido zai gani. Yakan daɗe yana juya allo ɗaya yana kallon zanen jikinsa, ya ce nan ga dutse, nan ga rafi, sai ya yanka yadda dutsen da rafin za su zauna a fuskar akwati. In an gama, mai kawai ake shafawa da tsumma har itacen ya yi sheƙin kansa. Abin da ya fi nanata mini, har na gaji da ji, shi ne allon fuska. Ana yi masa siririyar hanya a cikin katakon da ya kewaye shi, a zura shi ciki a bar shi sake, ba gam ba komai. A ƙasar nan damina tana cika iska da laima, itace ya kumbura. In sanyi ya zo aka kunna hita mai ɗumama ɗaki, ya bushe ya tsuke. Allon da aka bari sake yana da wurin zuwa da dawowa. Shi ya sa da hunturu in ka taɓa shi za ka ji ya ɗan motsa.

Wata rana muna cin abinci a ƙasa, shi da shinkafarsa ni da tuwon da uwarku ta ƙunso mini, ya tambaye ni ko ina da 'ya mace. Na ce ina da, tana firamare. Ya ce a ƙasarsu a da, in aka haifi 'ya mace uba yakan dasa bishiya, ranar da za ta yi aure a sare a yi mata akwatin kaya. Na yi dariya na ce mu ma kayan ɗaki a wuyan uba suke, kuma iyayenmu mata da adaka aka kai su, wato akwatin katako da amarya take zuba tufafinta. Ya nuna allunan bishiyar nan da muka jera a ƙarƙashin rumfa suna bushewa.

Ya ce, “Ba ka dasa ba. Amma kai ka saurare ta. Ta 'yarka ce.”

Allunan nan suna bushewa, Nafisa, kina girma. Kin gama sakandare suna nan, kin shiga jami'a suna nan. Ni kuma ina koyo a kan guntaye, ina ɓata katako, tsohon yana yi mini tsawa da yarensu ina rama masa da Hausa. Waɗannan shekarun su ne mafi daɗi da na yi a Amurka, kuma na faɗa ba kunya. Uwarku ba ta taɓa hana ni ba. Takan kakkaɓe mini garin katako daga gashi tana cewa ta auri ɗan boko ga shi an musanya mata da kafinta. Ta san komai game da allon fuska, don na dame ta da labarinsa har ta haddace.

Sai shekarar aurenki ta zo. Mijinki ɗan mutanen kirki ne, Kanawa mazauna Springfield, gida ne na rufin asiri da yawan jama'a. An sa biki cikin hutun sanyi don 'yan uwa su samu zuwa. Gado da kujeru da labule duk na saya kamar kowane uba, kada wani ya ce muku na yi ƙwauro. Adakar ce kawai aikin hannuna, na shafe bazara da damina ina yin ta. Fuskarta allo ɗaya ne mai zane kamar tudun bayan ƙauyenmu in an hango shi da yamma. Ranar da na gama, Yun ya zagaya ta yana shafa kusurwoyin ido rufe, ya tura allon da ɗan yatsa ya ji motsinsa, ya koma kan aikinsa. A wurinsa wannan shi ne yabo.

Yayata Ladi ta zo daga gida don bikin, kuma ita ce babbar gwaggo, jere a hannunta yake. Kun san al'adar ko ba ku sani ba: jere na mata ne, uba yana kai kaya bakin ƙofa ya juya, uwar amarya kuwa ko hanyar ba ta bi, balle a kan 'yar fari. Na sauke adakar a gidan da kuka kama a Springfield na dawo. Abin da ya faru bayan tafiyata daga baya na ji shi. Matan suka buɗe bargon da na naɗe ta, suka ga katako ba fenti, ba madubi, ba ruwan gwal. Wata ta dafa fuskar, hita tana ta aiki, allon ya motsa. Aka yi salati. Yaya Ladi ta ga dangin ango suna kallon juna, ita kuma a gidan masassaƙa ta tashi, ta san yadda ake kallon mu a da. A ganinta ƙanenta ya zo har Amurka ya koma gidan jiya, kuma ko aikin bai iya gamawa ba. Ta kira uwarku a waya.

Ta ce, “Hajara, akwai 'yan gyare-gyare a kayan nan.”

Uwarku tana tsakiyar baƙi, ta ɗauka zancen labule ake. Ta faɗi abin da kowace uwar amarya take faɗi.

Ta ce, “Yaya, 'yarku ce. Ku yi duk abin da ya kamata, ku dai rufa mana asiri.”

Wannan ita ce maganar da aka ɗauko aka kawo muku, cewa Mama ce ta ce a gyara. Yaya Ladi ta aika aka kira Abdu Maraɗi, maƙwabcinmu mai tuƙin tasi, mutumin da in ka ce masa taimako ko rigarsa zai cire ya ba ka. Ya zo da hama da ƙusoshi da gwangwanin fenti mai ruwan gwal. Ya bi gefen allon ya kafe shi ta ko'ina, ya shafe kusurwoyin da fenti, matan suka yi guɗa. Da yamma ya biyo ta gidanmu yana murna, ya ja ni gefe don kada kowa ya ji.

Ya ce, “Bon, Malam, kada ka damu, na kama maka adakar. Yanzu ko girgiza ta ka yi ba ta motsi. Ba wanda ya gane, se fini, an gama.”

Na yi masa godiya. Me zan ce? Mutum ya bar aikinsa ya zo rufa mini asiri.

Washegari na je shago na gaya wa Yun. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ɗauko filaya da wani siririn ƙarfe ya zuba a jaka, ya ɗauki makullin motarsa.

Ya ce, “Tashi mu je. Yanzu ana iya cirewa. In damina ta zo, ta mutu.”

Na ce, “Ba zan iya shiga ɗakin ba.”

Ya ce, “Ɗakin 'yarka ne.”

Na ce, “Shi ya sa.”

Na yi iya ƙoƙarina in fahimtar da shi. Uba ba ya kutsa kai ɗakin 'yarsa amarya, balle ya je da baƙon namiji da filaya. In na cire ƙusoshin nan na ce wa duniya yayata ba ta san abin da take yi ba, na tozarta Abdu, na nuna wa surukai cewa gidanmu ba a jituwa. Kuma ba ni zan zauna da su ba, yarinya ce za ta zauna, a cikin mutanen da ba su gama saninta ba, ana nuna ta ana cewa ita ce wadda ubanta ya zo ya tayar da jere. Ya saurare ni har na gama.

Ya ce, “Bishiyar nan ta fi ni shekaru. Ta jira 'yarka. Kai ba za ka iya jure kunyar yini ɗaya ba.”

Na ce, “Ba kunyata ba ce.”

Bai gane ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya mayar da makullin aljihu ya juya mini baya.

Da na koma gida na tarar uwarku ta ji komai daga bakin matan. Tana tsaye a bakin ƙofa da mayafi da takalmi, jakarta a rataye, hannun filayata ya leƙo daga ciki. Matar da ba ta taɓa kiran sunan 'yarta ta fari ba, wadda ko a asibiti sai dai ta ce yarinyar nan, ita ce ta shirya za ta tafi gidan surukai kwana ɗaya da kai amarya.

Ta ce, “Malam, kai ni tashar jirgin ƙasa, ko ka kai ni da kanka. Ni zan cire. Su ce ba ni da kunya, na yarda.”

Na ce, “Ba inda za ki.”

Ta ce, “Shekara nawa kana wannan abu? Ina kallonka fa. Damina na zuwa za ta tsage, kai ka gaya mini.”

Na ce, “Ta tsage. Katako ne. Ki bar yarinya ta zauna lafiya.”

Na zare filayar daga jakarta. Ta zauna a kan matakala da mayafinta ta yi kuka, irin kukan da ba ta yi ba ko ranar da aka tafi da ke. Wannan hukunci nawa ne ni kaɗai, ku rubuta shi a kaina. Kuma kada ku ɗauka neman gafara nake. Da za a maido ni bakin ƙofar nan yau, abin da na yi shi zan sake yi.

Sai dai abin ya ci ni. Na koma shago sau da yawa bayan nan, amma zaman ya ƙi. Yun bai kore ni ba, bai kuma sake yi mini tsawa ba, ni kuwa tsawar nake nema. In na yi kuskure sai ya karɓa ya gyara da kansa ba magana. Ni ma hannuna ya mutu. In na ɗauki allo sai in ji ina lissafin watannin da suka rage damina ta sauka. Na fara tsallake kwanaki, na karɓi ƙarin aiki a sito don in samu hujja, a hankali na daina zuwa. Ba wanda ya raba ni da katako, ni na ajiye. Damina ta zo da laimarta, allon ya kumbura ya rasa wurin zuwa, ya tsage tun daga sama har ƙasa, ta tsakiyar tudun nan. Na ji an ce a gidan surukai an yi ta jaje, ana cewa ai dama aikin gida ba ya ƙarko, Allah dai ya saka wa Malam da niyyarsa. Na haɗiye. Kafin sanyi ya zagayo na bi ta bayan sito na ga shagon a rufe, an ce 'ya'yansa sun zo sun tafi da shi wata jiha don jikinsa ya yi rauni. Ba mu yi sallama ba. Har yau in na ji ƙanshin sabon katako sai in kau da kai.

Saura maganar ƙwace. Da aka fitar da adakar zuwa gareji a gidanku, Nafisa, uwarku ta roƙi Abdu ya ɗauko mata a tasinsa, ta sa aka kai ɗakinta. Kin tambaye ta sau ɗaya ko za ta maido miki, ta ce a bar ta tukuna, kika yi fushi kika ɗauka rowa ce. Ba za ta iya yi miki bayani ba, ba a haka aka raine ta ba. Abin da ba ku gani ba shi ne, in kun tafi makaranta da wurin aiki takan rufe ƙofa ta zauna a ƙasa da filayata. Ba ta iya ba, hannunta kuma ga sanyin ƙashi, ƙusa ɗaya takan ɗauke ta kwanaki don tana tsoron ƙara fasa itacen. Fentin kuwa da bayan cokali ta kankare shi, kaɗan-kaɗan, ta bi da man da na bari a kwalba. Na ce mata ta bari, abin da ya tsage ya tsage. Ta ce in fita mata daga ɗaki, jere na mata ne. Ban taimaka mata ba, ba zan iya kallon fuskar adakar ba a lokacin. Ta yi shekaru tana abu ɗaya, tana yi tana hutawa, har ciwon ya kwantar da ita. A asibiti, ana saura kwanaki kaɗan, ta ce mini ta gama, in gaya wa yarinyar nan. Ban gaya miki ba, don makoki ya sha kaina, sai ga shi na ji abin da kuke faɗi a kicin.

Jiya na shiga ɗakin na yaye zanen da ta lulluɓe ta da shi. Tsagar tana nan, ba mai iya mayar da ita, ramukan ƙusoshin ma suna nan a jere kamar sawun kaza. Amma ba sauran gwal ko ɗigo, itacen ya koma launinsa. Na durƙusa da wannan gwiwar tawa na tura allon da ɗan yatsa. Hita tana aiki, ya motsa.

Kina ɗakinki shekara da shekaru lafiya, da 'ya'yanki, surukanki suna ji da ke. Abin da na saya da adakar ke nan, kuma ban yi asara ba. Ki zo ki ɗauki kayanki, Nafisa, uwarki ta gama miki jere. In kin kai ta gida wani ya taɓa ya ji tana motsi, ki ce masa haka take, kada kowa ya gyara.